Turancin Da Zai Amfane Ku: Nasiha Ga 'Ya'yanmu Na Bakin Ruwa

'Ya'yana da jikokina na Wara da Libata da Utono da Birnin Yauri, da ku na Yelwa da Shanga, Allah ya yi muku albarka. Magana ce zan yi da ku a kan koyon kalmomin Turanci. Na san an sha yi muku ita a aji, amma ku ba tsoho aron kunne.

Ku shiga kasuwar Wara ranar da take ci, ku dubi abin da ke kan teburan 'yan tireda. Kwalbar maganin ciyawa, buhun taki, kwalin maganin zazzaɓi, galan ɗin baƙin man injin jirgi, har 'yar takardar da mai POS ke miƙo wa mutum bayan ya ciri kuɗi, kowanne da rubutun Turanci a jikinsa. Da Hausa ake tayi, da Hausa ake rantsuwa, da Hausa ake sallamawa, amma gargaɗin da ke jikin kayan da wani harshe aka rubuta shi. Wanda ya iya karantawa ya sayi abu da idonsa biyu. Wanda bai iya ba sai ya dogara ga mai shago, shi ma mai shagon sau da yawa ji ya yi an ce. Saboda haka idan na matsa muku a kan Turanci, ba son Turawa ne ya kama ni ba. So nake a kowane gida a samu mutum ɗaya da takarda ba za ta yi wa ƙwange ba.

Abin da nake gani wajen samarinmu kuwa shi ne kwaɗayin manyan kalmomi. Yaro zai ji ɗan siyasa a rediyo ya saki wata kalma mai gaɓa shida, ya rubuta ta a tafin hannu, ya wuni yana cusa ta cikin hira, ta dace ko ba ta dace ba. A teburin mai shayi a yi ta jinjina masa, a ce ai wane ya sha boko. Amma ka miƙa masa katin asibiti, ka ce ya gaya wa gyatumarsa yadda za ta sha magani, sai ka ga yana juya katin yana sosa ƙeya. Ba na ƙin dogon Turanci, yana da ranarsa. Sai dai ba shi ke ɗauke da harshen ba.

Wani malamin Turanci mai suna Michael West, wanda ya daɗe yana koyarwa a yankin Bengal na tsohuwar Indiya, ya fitar da wani jeri a 1953 na kalmomi kusan 2,000 waɗanda suka fi yawan fitowa a Turanci. Masu bincike sun auna sun ga cewa waɗannan kalmomi su ne kusan takwas cikin kowace goma da mutum zai tarar a shafin rubutu na yau da kullum. Har akwai ƙamus na kamfanin Longman da ya fara fitowa a 1978, wanda ya bayyana ma'anar dubban kalmomi ta amfani da kalmomi wajen 2,000 kacal. Kun ga ke nan abin yana da iyaka, ana iya ganin gaɓarsa. Wanda ya riƙi kalma biyar a rana, bai yi fashi ba, cikin shekara da 'yan makonni ya kai wannan adadi.

To amma kada jin an ce ƙananan kalmomi ne ya sa ku raina su, domin a cikinsu tarkon yake. Doguwar kalma yawanci ma'ana ɗaya gare ta, ka duba ƙamus sau ɗaya kun rabu. Gajeriyar ita ce mai fuska goma. Kun san “give” bayarwa ce, kun san “up” sama ce, amma idan suka haɗu suka zama “give up” ba wanda ya miƙa wani abu sama, saduda ake nufi. “Put off” ɗage abu ne zuwa wani lokaci. Sannan ga wasu 'yan mitsi-mitsi da ido ke tsallakewa, alhali su ke juya jimla gaba ɗaya: “unless”, “except”, “within”, “per”, “before”, “until”. Ɗalibi zai iya sanin kowace kalma a cikin layi ban da ɗaya daga cikin waɗannan, ya fito da kishiyar abin da aka ce.

Na gani da idona a wani shagon kayan noma, lokacin noman rani. Wani dattijo ya zo sayen maganin tsutsar tumatir tare da jikansa, ɗan babbar sakandare, sanye da wandon makaranta. Dattijon ya ɗauki kwalba ya nisanta ta daga fuska, ya matso da ita, ya ga ba haza, ya miƙa wa yaron. “Kai aboki, karanta mana mu ji abin da ake biya maka kuɗin makaranta a kai.” Yaro ya gyara tsayuwa, ya karanta sunan maganin tiryan-tiryan, har da doguwar kalmar sinadarin da ni kaina sai na yi mata gaɓa-gaɓa. Da ya iso ƙananan rubutun ƙasa, inda aka ce “do not harvest within 14 days of application”, sai ya ɗan yi jim, ya ce, “Baba tsoho, sun ce sai an cika takardar nema kafin kwana 14.” Dattijo ya ce, “Takarda kuma? Tumatir ɗin nawa ne ko na gwamnati?” Aka yi dariya. Yaron bai yi ƙarya ba, “application” ɗin da ya sani ita ce ta neman aiki da neman makaranta. Ba a taɓa nuna masa cewa a jikin kwalbar magani feshin kansa ake nufi ba, ita kuwa “within” bai ma lura da ita ba. Abin da aka rubuta shi ne kada a ɗebi tumatir sai kwana 14 sun cika bayan feshi. Ku tuna wannan tumatir miyar wasu zai shiga, a Yelwa ko Kontagora ko Legas.

Haka zancen kuɗi. A watan Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin noman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, wanda sunansa na Turanci Anchor Borrowers' Programme. Kalmar tsakiyar nan masu cin bashi take nufi, a fili. Amma a bakin mutane da yawa sunan da ya bi gari shi ne tallafi, wasu kuwa idan sun ji tallafi kyauta suke ji. Duk wanda zai dangwala yatsa a fom ya kamata a ce akwai ɗansa ko 'yarsa a gefe da ya san bambancin “loan” da “grant”, ya san “interest” a takardar banki kuɗin ruwa ne ba sha'awa ba, ya san wanda ya sa hannu a layin “guarantor” ya ɗauki nauyin biya idan mai bashi ya kasa. A waya ma haka. Saƙon da ke kawo lambobin sirri na wucin gadi yakan zo da gargaɗin “do not share” ko “do not disclose”, wato kada ka gaya wa kowa. Ɗan damfara na kira da murya mai laushi ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar, a kuwa karanto masa ita, gargaɗin na nan a saman lambar ba a gane shi ba.

Wani zai ce, Baba, mu fa ƙwaƙwalwarmu ba ta harshe ba ce. Wannan magana ba ta karɓu daga bakin ɗan ƙasar Yauri ba. A nan yaro ke tashi da Gunganci ko Kambarci ko Lopanci ko Shanganci ko Dukkanci ko Fillanci a ɗakin uwarsa, ya fita waje ya ɗauki Hausa ba wanda ya kafa masa allo, ya je makarantar allo ya haddace Larabci. Kafin ya shekara goma harshe uku sun ratsa kansa. Na huɗu ne zai gagare shi? Bambancin kawai shi ne sauran a kunne ya same su dare da rana, shi kuwa Turanci sai an bi shi inda yake, domin ba a yin sa a bakin ruwa.

Ba kuma yau takardar Turanci ta fara yanke hukunci a kan rayuwarmu ba. Ta kogin nan namu Baturen nan Mungo Park ya bi har ajalinsa ya same shi a Bussa a 1806, 'yan'uwan nan biyu Richard da John Lander kuma suka sauka Yauri a 1830 suna cigiyar takardunsa. Da aka gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya cinye gungu da gonaki da tsohuwar Bussa, aka tashi mutum sama da 40,000 aka mai da su sababbin matsugunai. Lissafin gidaje da na diyya duk da Turanci aka rubuta su, kakanninku kuwa ta bakin tafinta suka ji abin da ke ciki. Yau ma ga masu haƙar ma'adinai, ga manyan gonaki, ga ƙungiyoyi, kowa da takardarsa a hannu. Gara a ce tafintan ɗan gida ne.

To yaya ake koyon? Ba sai mun je nesa neman dabara ba, tana zauren malamanmu. Ku lura da yadda ake karatun Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Ba a taɓa ba ɗalibi jerin kalmomin Larabci tsirara a ce je ka haddace ba. Ɗalibi ne ke jan baƙi, malam na bin sa da fassara, guntu-guntu, kowace kalma a mazauninta cikin jimla. Gobe ya dawo ya biya na jiya kafin a yi masa ƙari. Kalmar da ya gamu da ita a babin tsarki zai sake gamuwa da ita a babin salla da na azumi, kowane karo da ɗan sauyin launi, har ta zauna masa ba tare da ya san ranar da ta zauna ba. Ta haka ƙasar nan ta fitar da malaman da suka rubuta littattafai da Larabci ba su taɓa taka ƙasar Larabawa ba. Abin da ya yi wa Larabci aiki zai yi wa Turanci.

Saboda haka kowannenku ya nemi ɗan littafin rubutu wanda zai shiga aljihu, ya keɓe shi ga wannan aiki kaɗai. Idan kun gamu da baƙuwar kalma, kada ku rubuta ta ita kaɗai. Ku kwafo jimlar da kuka same ta a ciki gaba ɗaya, ku ja layi a ƙarƙashin kalmar, ku rubuta ma'anarta da Hausa ko da harshen gidanku, sannan ku ƙirƙiri taku jimlar a kan abin da kuka sani: injin jirgin babanku, farashin albasa, ƙanwarku da ke rarrafe. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa, shi ne kuwa mai aikin. Kalmar da ba ka taɓa gina jimla da ita ba, ba taka ba ce tukuna.

Sai tilawa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincike a 1885 a kan yadda mutum ke mantuwa. Ya gano cewa mafi yawan abin da aka haddace a sa'o'in farko da ranar farko yake zubewa, amma duk lokacin da aka sake bitarsa sai zubewar ta ragu. Kowane gardi ya san wannan tun kafin a haifi Bajamushen, shi ya sa ba a wanke allo sai karatu ya zauna, bayan an wanke ma ana komawa baya. Ku duba kalmomin yau da daddare, ku sake duba su gobe, sannan bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Ku rufe ɓangaren ma'ana da hannu ku tambayi kanku, domin kallo kawai yaudara ne, ido zai ce ya sani alhali baki ba zai iya kawowa ba. Biyar a rana da bita ta fi hamsin a daren jarrabawa. Kuma lokacin na nan: zaman jiran jirgi ya cika, gadin shinkafa daga tsuntsaye, zaman shago da rana tsaka sa'ad da ciniki ya yi sanyi.

Akwai wani abu da nake so ku fahimta tun da wuri, don zai rage muku wahala. Kalmomin harshe biyu ba sa tsayawa kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ga ɗaya. Mu da “sha” ɗaya muke shan ruwa, mu sha magani, mu sha taba, mu sha mangwaro, mu sha iska, mu sha wahala, mu sha kashi a ƙwallo. Bature kowanne da kalmarsa: ruwa “drink”, ƙwayar magani “take”, taba “smoke”, mangwaro “eat”. Da “ji” ɗaya muke jin magana, mu ji ƙanshi, mu ji sanyi, mu ji gishiri a miya, mu ji Turanci, shi kuwa ya raba su zuwa “hear” da “smell” da “feel” da “taste” da “understand”. Daga nan ake samun yaron da zai ce yana “hear” ɗin warin kifi. Haka aro: mu tushe ɗaya ne, na ari biro, ara mini biro. Su wanda ya karɓa “borrow” ya yi, wanda ya bayar “lend” ya yi, shi ya sa malaman Turanci ke jan jan biro a kan “borrow me”. Wannan ba ya nuna wani harshe ya fi wani. Akwai wuraren da mu muka rarrabe su suka dunƙule: wa da ƙane duk “brother” ne a wurinsu, kawu da baffa duk “uncle”, goggo da inna duk “aunt”. Abin nufi dai, idan za ku koyi kalma ku koye ta da abokan tafiyarta. Kada ku riƙe “medicine” kawai, ku riƙe “take medicine”. Kada ku riƙe “attention”, ku riƙe “pay attention”.

Kalmomin da Hausa ta ara tuni, irin su asibiti da likita da direba da fasinja da makaniki da tebur, har da Rigata da ake yi a Yauri, riba ce kuka samu a sama. Ku dai binciki yadda ake rubuta su a gidansu na asali, don sun sauya kamanni a hanya.

Rubutun Turanci kuwa, sai haƙuri. Hausar boko yadda aka faɗa haka ake rubutawa, Turanci ba ruwansa da wannan ladabi. Kalmar da ke nufin gungu, “island”, akwai harafin s a cikinta da ba a furtawa. Akwai k a farkon “knife”, b a cikin “debt”, p a cikin “receipt”, duk zaman kashe wando suke yi. Don haka duk kalmar da kuka koya da ido ku nemi jin ta da kunne. Ku kuma kula da p da f, waɗanda harshenmu bai raba su ba amma su sun raba: “pull” daban, “full” daban, “pan” daban, “fan” daban. Iyakar abin da zan nema daga furucinku ke nan, a gane abin da kuka ce. Maƙale murya don a ce daga Landan kuka sauka ɓata lokaci ne.

Ƙamus abokin tafiya ne, kuma an yi mana aiki a wannan fage. G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa na Hausa zuwa Turanci a 1934, har yau ba a daina komawa gare shi ba. Neil Skinner ya yi Kamus na Turanci da Hausa a 1965, wanda iyayenku da yawa da shi suka yi makaranta. Roxana Ma Newman ta fitar da na Turanci zuwa Hausa a 1990, sannan ita da Paul Newman suka haɗa mai fuska biyu wanda maɗaba'ar Jami'ar Bayero ta Kano ta buga a 2020. Ku fara da irin waɗannan. Idan ƙafa ta yi ƙwari ku koma ga na Turanci zalla da aka yi domin masu koyo, kamar na Oxford wanda A. S. Hornby ya assasa, domin shi yana ba da misalan jimla. Kuma idan kun buɗe, kada ku cafki ma'anar farko ku rufe. Ku bi su duka har ku sami wadda ta dace da jimlar da ke gabanku. Da yaron shagon nan ya yi haka, da ya tarar da feshinsa a ƙasa kaɗan. Manhajojin fassara na waya suna da amfani, ina ganin jikokina na yi da su. Amma sukan yi kuskure da cikakken ƙarfin hali, kuma wanda kullum sai an tauna an ba shi, ranar da caji ya ƙare ko aka karɓe waya a ƙofar ɗakin jarrabawa zai ga ta kansa.

Littafin aljihu da ƙamus duka 'yan rakiya ne. Inda kalmomi ke shiga da yawa shi ne karatu, karatu mai yawa kuma mai sauƙi. Wani masani ɗan ƙasar New Zealand, Paul Nation, ya nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu cikin jin daɗi ba tare da taimako ba, sai ya san kusan kalma 98 cikin 100 na abin da ke shafin, wato baƙuwa ɗaya cikin hamsin. A nan ne koma ke zama misali: idan ido ɗaya ya tsinke a cikin hamsin za ta kama kifi, idan rabin idanun sun tsinke sai dai a jawo ruwa. To littafin da kowane layi sai kun buɗe ƙamus sau uku bai yi daidai da ku ba tukuna. Ku ajiye shi, ku ɗauki na ƙannenku na firamare ba tare da jin kunya ba, ku cinye shi, ku hau na gaba. Wata dabara mai arha: ku saurari labaran duniya da Hausa da safe, sannan ku nemi labarin nan da Turanci. Tun da kun riga kun san abin da ya faru, kalmomin da kansu za su riƙa gaya muku ma'anarsu.

Na san masu cewa yawan Turanci na cinye Hausar yaro da tarbiyyarsa. Ina jin tsoronsu, don na ga waɗanda suka dawo daga birni ba su iya gaida tsoho ba. Amma laifin ba na kalmomi ba ne. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, nan maƙwabtanmu a Jihar Neja, ya yi Kwalejin Katsina, ya iya Turanci da Larabci, ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma. Shi ne kuma ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, har yau ana auna Hausar marubuta da tasa. A gida ma, Mai Martaba Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi sai da ya shugabanci Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato kafin ya hau gadon sarauta. Wanda ya san harshensa da kyau shi ya fi saurin kama na wani, domin yana da inda zai rataya sabuwar ma'ana.

Babban abin da ke kashe gwiwar mai koyo a garuruwanmu dariya ce. Yaro ya gwada jimla ya karya, abokai su mai da ita sunansa har shekara. Daga ranar ya kulle baki. Ku daina wannan, don Allah. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku sa lokaci kaɗan a rana da ba a magana sai da Turanci, wanda ya karya a gyara masa a wuce. Ku kuma 'yan matana, wannan magana taku ce fiye da kowa. Ke za ki riƙe katin awo, ke za ki auna wa jariri magani da tsakar dare, ke za ki duba ranar da maganin zai lalace. Ki san “once” da “twice” da “daily”, ki san “teaspoon” ƙaramin cokali ne “tablespoon” babba, kuma babban ya ninka ƙaramin sau uku. Ki san abin da aka rubuta wa “for external use only” shafawa ake yi, ba a sha. Ko aure ya ɗauke ki daga aji, bai ƙwace miki littafin aljihu ba. Na san kuma karatu a ƙasar nan ya sha tangarɗa, musamman bayan sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri da aka yi a watan Yunin 2021, wanda ya sa iyaye da yawa suka ji tsoron makarantar kwana. Ba zan ga laifin uban da ya ji tsoro ba. Amma wanda ya zauna gida, wannan aikin kam yana iya ci gaba da shi har Allah ya kawo sauƙi.

Masu shirin WAEC da NECO da JAMB, kun san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma duk sauran darussa ban da harsuna da shi ake tambayarsu. Yara da yawa sun san amsa, tambayar ce ba su gane ba. Kafin komai ku ƙware a kalmomin umurni. Idan an ce “list” ko “state”, a jero a taƙaice ake so. “Explain” na neman dalili da bayani. “Compare” a auna abu biyu ne, “define” a faɗi ma'ana. A ɓangaren zaɓi kuma ku duba da kyau ko “nearest in meaning” aka ce ko “opposite in meaning”, don ana asarar maki a nan saboda gaggawa kawai. Rubutun gajarce kalmomi da kuke yi a WhatsApp ku bar shi a waya. Hannu na sabawa, ranar jarrabawa ya rubuta abin da ya saba.

A manhajar Turanci ta WAEC akwai fannonin rayuwa da ake tambayar kalmominsu, irin su gini da lafiya da noma, kuma kamun kifi na cikinsu. A nan kun fi ɗan birni, domin shi sai ya koyi abin da sunansa a lokaci ɗaya, ku kuwa abin na hannunku tun kuna ƙanana, suna kawai ya rage. Kun san filafili kafin ku ji “paddle”, kun san ƙugiya kafin “hook”, kun san idon taru kafin “mesh”. Giwan ruwa “Nile perch” ce, karfasa “tilapia”, tarwaɗa “catfish”. Ku ware shafuka a littafinku, ku je bakin ruwa da safe lokacin da jirage ke dawowa, ku tambayi tsofaffin Sarkawa da Gungawa sunan kowane kifi da kowane kayan aiki, ku rubuta na Hausa da na harshen gida, ku bar gurbi na uku. Wanda ƙamus bai cike muku ba, ku riƙe shi har ku haɗu da malamin aikin gona ko wani ma'aikacin cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa. A garin nan akwai kwalejin tarayya ta koyon aikin kifi da ta kula da namun daji, dukansu kusa da wannan tafki namu na Kainji, kuma suna ɗaukar ɗalibai kowace shekara.